Kunyar Ɗan Fari

Ranar da aka gama shigar da dawa rumbu Malam Habu ya kira 'yarsa Saude, ya yanke mata magana.

"Mainasara mai motar hayis ya turo iyayensa, na ce su dakata saboda ke. Shi kuwa malamin naku Hamidu, kullum tabarmata yake gogewa a zaure, amma ko inuwar kawunsa ban gani ba. Ki faɗa masa Juma'ar nan ya turo magabatansa. Ba zan yi miki dole ba, Saude. Amma in Juma'a ta wuce kada in sake ganin kekensa a ƙofar gidana."

"To, Baba," ta ce, kanta a ƙasa.

Ba wa'adin ne ya hana ta sukuni ba. Abin da ke cin ranta shi ne, duk lokacin da ta yi wa Hamidu zancen iyayensa sai ya kau da kai ya ce, "Malam Umaru zai zo." Malam Umaru wani ɗan kasuwa ne a Tudun Wada. A gidansa Hamidu ya tashi, ya yi boko, har ya zama malami aka turo shi firamaren Bebeji, inda ita ma take koyarwa. A nan idanu suka haɗu, zuciya kuma ta yi abin da ta saba. Kowa a gari ɗan Malam Umaru ya ɗauke shi, shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba.

Malam Habu mutum ne mai sauƙi, wuri ɗaya ne kawai ba a taɓa masa. Wata shekara shanu suka faɗa gonarsa dawa na gab da nuna, suka bar masa kara tsaye. Ya bi rugage ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba nasa ba ne. Ranar ya dawo gida idonsa jawur, ya rantse da Allah a gaban iyalinsa cewa muddin yana numfashi jininsa ba zai haɗu da na makiyayi ba.

Saude tana wurin aka yi rantsuwar. Ba ta taɓa zaton wata rana za ta biyo ta kanta ba.

* * *

Kashegari bayan an tashi makaranta, ta tarar da Kulu mai nono a tsakar gida ta sauke ƙwaryarta. Doguwar Bafulatana ce, fara, mai yawan dariya, wadda ta fara kawo musu nono tun da rugarsu ta sauko daga wajen Burumburum da kaka ta kama. Tasalla, mahaifiyar Saude, tana durƙushe gabanta da kwanon sha.

"Inna Fillo, yau ma ruwan rafi kika kawo mana da sunan nono?"

"Ku Haɓe ba ku san kindirmo ba," in ji Kulu. "Ɗanɗana. In kin ji ruwa ki riƙe ƙwaryar har da faifan."

Tana hango Saude sai fuskarta ta washe. Ta sa hannu gefen ƙwarya ta ciro curin man shanu a ganye ta miƙa mata, kamar yadda ta saba.

"Kin gani ko," in ji Tasalla. "Ni ce mai saye, ita ce mai kyauta. To ki ci gaba da kiwata ta, ta kusa tashi. Wani malami ne, Hamidu, dogo mai keke. In Allah ya nufa, gidan Hamidu za ki koma kai nononki, ki manta da mu."

Ludayin ya tsaya a hannun Kulu. Ta sunkuyar da kai tana gyara faifai da ba ya bukatar gyara.

"Gidan malamin," ta ce a hankali. "Allah ya kai mu."

Saude ta lura, amma ba ta kawo komai ba. Sai da Kulu ta ɗauki ƙwarya, ita kuma ta biyo ta don ta raka ta ƙofa, aka yi sallama daga zaure. Muryar Hamidu ce.

Suka yi kiciɓis a tsakiyar zauren.

Kulu, wadda ba namijin da take raga wa, wadda ko a makon jiya ta ce wa Mainasara tumbinsa ya fi motarsa lodi, ta juya fuskarta bango. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta raɓa ta gefe ta fice, ko sannu ba ta ce ba.

Shi kuwa Hamidu, wanda ko tsohuwa mai tallan daddawa sai ya rusuna mata, ya tsaya kamar an dasa shi. Saude ta ga gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa za su kai ƙasa, sai ya miƙe da sauri ya kama gyaran hularsa.

Saude ta bi Kulu da kallo.

Ta san wannan kau da kan. A gidansu ta tashi tana ganinsa. Tunda take ba ta taɓa jin Tasalla ta ambaci sunan babban ɗanta Yaya Ɗahiru ba, in ya shigo ɗaki sai ta juya ta kama wata hidima, in za ta ba shi abinci sai ta aiki wani. Mace ba ta yi wa baƙo haka. Ɗan fari ake yi wa.

"Zauna, ina zuwa," Saude ta ce da shi, ta zari mayafinta.

* * *

A gindin kukar bayan gida ta cim mata.

"Inna, tsaya."

"'Yar nan, rana na yi, nonona zai tsinke."

"Inna, don girman Allah. Ɗanki ne?"

Kulu ta daɗe ba ta juyo ba. Sannan ta sauke ƙwaryar a hankali, ta zauna kan saiwar kuka. Sai a lokacin Saude ta ga dogayen yatsun nan, da siririyar wushiryar da ta daɗe tana so a bakin wani.

"Ba na faɗin sunansa," in ji Kulu. "Ba na kallon fuskarsa a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa nata, haka na taras. To kin ga, abin da al'ada ta ɗora min shi ya rufa masa asiri. Bai ma roƙe ni ba."

Hawaye ya cika idon Saude.

"Yana ƙarami muka ba da shi ga mai masaukinmu a Tudun Wada don ya yi karatu. Ya tafi da bakinmu, ya dawo da naku. Ba laifinsa ba ne. Da labari ya iske ni yana son wata a Bebeji, na ce wa maigidan bana mu sauko nan, ciyawa ta fi. Ba ciyawa ba ce. Ke nake so in gani."

"Kuma kika yi ta shigowa gidanmu kina tallan nono?"

"Na gan ki, ai. Na ga yadda kike taya ni sauke kaya ba a ce ki yi ba." Ta yi murmushi, ta share ido da bakin mayafi. "Na ji rantsuwar babanki a bakin matan kasuwa. Ki yi shiru, 'yar nan. A ɗaura aure. Ni ba abin da zan rasa. Zan riƙa kawo nono gidanki, in kin haihu sai ki ce, Inna Fillo riƙe min yaron nan in ɗauko kwano. Wannan ya ishe ni."

Nan Saude ta durƙusa, ta kifa kanta a cinyar matar, ta fashe da kuka. Kulu ta ɗaga hannu kamar mai tsoron taɓa abin da ba nata ba, sannan ta ɗora shi a kanta.

* * *

Hamidu yana zaune inda ta bar shi. Yana ganin idonta ya san abin da ya faru. Ta zauna can gefen tabarma, nesa da inda ta saba.

"Malam, ina aka binne cibiyarka?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake."

"A ruga," ya ce, muryarsa a dushe. "Gabas da Burumburum. Sunan mahaifina Hamman. Yana raye. Yanzu haka yana bayan garin nan da shanunsa."

"Ita kuma wadda ta wuce ka ɗazu?"

"Innata ce."

"Ka ga uwarka da ƙwarya a ka, ka kasa durƙusa mata saboda ina tsaye."

"Saude, wallahi ban taɓa yi miki ƙarya ba. Ban taɓa ce miki Malam Umaru ne ya haife ni ba."

"Ba ka faɗa ba. Amma ka ga mun shimfiɗa ta, ka hau ka zauna."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, hawaye na bin kuncinsa, bai kuma damu ya share ba.

"Ba ki san yadda aka fara ba. Ranar da aka sa ni aji, malami ya tambayi sunana, na buɗe baki, aji ya kwashe da dariya. Ɗan daji, haka suke kirana. In na wuce sai su yi kukan saniya. Na riƙa zuwa bayan makaranta ni kaɗai ina gyara harshena, har ya zamana ba mai gane ni. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗauka riga ce, in na ga dama in tuɓe. Sai na haɗu da ke. Ranar da na yi niyyar faɗa miki, ranar kika ba ni labarin gonar Baba da rantsuwarsa. Kina faɗa kina dariya, ni kuwa na haɗiye maganata."

"Da ka faɗa min ko a ranar."

"In rasa ki?"

"Yanzu da ba ka faɗa ba, ka same ni?"

Can ya matso kaɗan, ya sassauta murya.

"Malam Umaru ya yarda zai zo ranar Juma'a. Shi ya riƙe ni, ba wanda zai ce ba ubana ba ne. In an ɗaura, in an kwana biyu, zuciyar Baba za ta yi sanyi, sai mu faɗa masa. Inna ma ba za ta ƙi ba."

"Na sani. Ita ma abin da ta roƙe ni ke nan." Ta dube shi. "Kana zaton ban so ba? Tun daga gindin kuka har nan zuciyata cewa take, Saude yi shiru, wa zai sani. Ina son ka, Hamidu, son da ni kaina yake ba ni tsoro. In ka yi tafiyar kwana ɗaya ji nake kamar an kwashe mutanen garin. Amma ka duba min. In tsaya a tsakar gidana ina taya nono a hannun uwar mijina? 'Ya'yana su kira kakarsu mai nono? In ka iya ɓoye wadda ta haife ka don ka same ni, ranar da ni ma na zame maka abin kunya, a wane lungu za ka saka ni?"

"Kada ki faɗi haka."

"Mutumin da nake so, na ɗauka na san shi. Ashe rabinsa na sani. Ɗaya rabin yana bayan gari ka hana shi shigowa. Ni kuwa duka nake so."

"In Baba ya ce a'a fa?"

"Sai in yi kuka har in gaji. Amma in san a kan wa nake yi."

"Ki auri Mainasara."

"Kada ka sako Mainasara. Ba shi ne a tsakaninmu ba."

Aka kira sallar la'asar. Hamidu ya tashi. Ya ja kekensa ya tafi, bai ko hau ba.

Kashegari a makaranta ya gaishe ta kamar yadda ake gaida kowace malama. Kulu ba ta kawo nono ba. Saude ta kasa cin abinci, har Tasalla ta fara tambayar ko zazzaɓi ne.

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Habu ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Mainasara ya ajiye hayis ɗinsa a gefen hanya, ya zo wai gaisuwa, ya zauna ya ƙi tashi. Saude tana maƙale a bayan ƙyauren zaure, tana leƙe ta tsagar katako.

"Baba, ni fa ina ganin malamin nan ba shi da kowa," in ji Mainasara. "Mutum kamar daga sama ya faɗo."

"Rana ba ta faɗi ba tukuna," in ji Malam Habu.

Sai ga mutum biyu sun ɓullo ta lungun masallaci. Na gaba wani siririn tsoho ne da malfa, sanda a kafaɗa, takalmin roba duk taɓo. Na baya Hamidu ne, cikin farin kaftani, yana biye da shi a ladabce, riƙe da butarsa.

Saude ta dafe ƙirji.

Mainasara ya yi dariya. "Fillo, saniya ce ta ɓata? Nan ba hanyar ruga ba ce."

Hamidu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Malam Habu.

"Baba, ka ce in turo magabatana. Ga mahaifina, Hamman. Makiyayi ne, ɗan makiyayi. Malam Umaru riƙo na ya yi, Allah ya saka masa. Na bar ku kuna zaton shi ya haife ni saboda tsoron rantsuwarka. Da na turo shi yau, wataƙila da ka ba ni Saude. Amma da wani ka ba, ba ni ba."

Mainasara ya buɗe baki zai yi magana, Malam Habu ya ɗaga masa hannu.

"Mainasara, fasinja na jiranka."

Sai da ƙarar motar ta yi nisa sannan Malam Habu ya dubi tsohon, wanda har lokacin yake tsaye.

"Ka san abin da aka yi min?"

"Yaron ya faɗa min," in ji Hamman.

"To me za ka ce? Ba naka ba ne, ko? Haka kowa ya ce."

Tsohon ya sauke sandarsa ya dogara.

"Shekarar muna can wajen Doguwa, don haka waɗanda suka ci taka ba nawa ba ne. Amma ba zan tsaya a ƙofarka in ce nawa ba su taɓa cin gonar wani ba. Sun ci. Wata na biya, wata kuma na kora su da asuba na gudu, mai gonar bai san ni ba har yau. Ina jin shi ma ya bi rugage kamar yadda ka bi. In kana neman wanda za ka zaga, ga ni, na cancanta. Yaron nan kuwa ko sanda bai iya riƙewa ba. Laifinsa ɗaya, ya ji kunyarmu. Shi ma mu muka jawo, da muka ba da shi tun bai san daɗinmu ba."

Malam Habu ya daɗe yana kallonsa.

"Ruga nawa na shiga," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Ba wanda ya ce min ko sannu."

"Sannu," in ji Hamman. "Allah ya mayar da alheri."

Malam Habu ya kau da kai. Can ya matsa gefe ɗaya, ya bar rabin tabarmar.

"Zauna. Ba a tsayuwa a ƙofata."

Ba su daɗe ba. Aka kawo ruwa, tsohon ya sha, suka yi maganar damina da tsadar gishiri, ba wanda ya ambaci aure. Da za su tashi Malam Habu ya ce, "Na ji. Ku tafi." Iyakarta ke nan. Hamidu ya saci kallon ƙyauren zaure, ya ɗauki butar ubansa ya bi shi.

Saude ta ruga ciki ta durƙusa kusa da turmi. Malam Habu ya shigo, ya tsaya a kanta.

"Kin sani?"

"Shekaranjiya na sani, Baba."

"Ke kika sa shi?"

"Na dai ce masa ba zan auri wanda ban sani ba. Zuwan, shi ya kawo kansa."

"Kin san na rantse."

"Na sani." Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta. "Abin da ka yanke shi zan bi."

Ya juya ya nufi turakarsa. Har ya kama labule sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Tasalla."

"Na'am, Malam."

"A buɗe rumbu. A auno abin da zai ciyar da miskinai goma."

Tasalla ta saki tsintsiyar da ke hannunta. Ta dubi 'yarta, ta dubi bayan mijinta.

"Malam, kaffara za ka yi?"

"Ban ce na ba shi ba," in ji Malam Habu. "Akwai tambayoyin da zai amsa min. Amma ba na iya sauraren mutum da rantsuwa a wuyana. A auna dawar tukuna."

Ya shige ya saki labule.

Tasalla ta miƙa hannu za ta ɗauki mudu. Saude ta riga ta.